Rufin Ɗakin Inna

Daren Laraba, Ƙofar Kibo

Rufin ɗakin Inna ya tsage yau da la'asar. Ni kaɗai na jawo katifarta waje, ta jiƙe sharkaf, ruwa na tsiyaya ta tsakanin azara. Har yanzu bayana ciwo yake.

Tun kafin damina na ce a kira magini ya sake yaɓe. Rediyo ta yi ta faɗa cewa ruwan yanzu ba irin na da ba ne, sai ya ɗauke ya daɗe, sannan ya sauko gaba ɗaya. Yaya Sani ya taɓe baki, wai 'yan rediyo abin da aka biya su suke karantawa, 'yan jarida kuma 'yan amshin shatan Turawa ne. Amma da wani ƙato da ko sunansa ba a sani ba ya turo murya a waya, ya rantse sauyin yanayi ƙarya ce, nan take Yaya ya gaskata. Hujjarsa? Mutumin ya buɗe da sallama, ya rufe da addu'a. Yaya mai digiri ke nan. Da yake shi ne babba, ya hana a taɓa soron.

Ɗazu ya shigo, wayarsa ƙunshe a leda kada ta jiƙe. Ya ɗaga kai ya ce, "Ikon Allah." Ikon Allah ne mana, amma yaushe Allah ya hana yaɓe?

Inna ba ta kama sunan ɗan fari, don haka ni ta kalla.

"Gaya wa yayanki ya tambayi malamin nasa na waya, ko yana da ɗakin da zan kwana."