Mutumin da Tari Ya Tsallake

Daga Malam Lawwali a Matameye zuwa ga ƙanwata Maryama a Kurni. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidanki. Bayan haka.

Ina sanar da ke wata mura ta shigo makarantata, ba irin wadda muka saba ba. Mutum ya tashi lafiya, kafin azahar jiki ya ɗau zafi, tari ya sarƙe shi. Ta fara da wasu magidanta da suka zo karatun fiƙihu daga Damagaram. Na ɗage karatu. Na sa an kafa bukkokin kara a gonar bayan makaranta, marasa lafiya can, masu lafiya nan, kowa da ƙwaryar shansa. Kumandan, Baturen mulki, ya aiko gardi, wato dogaransa, sun kewaye mu da ƙaya, ba shiga ba fita. Ban yi musu ba, domin ni ma abin da na yi niyya ke nan.

Ɗanki Isufu lafiya lau, shi ke dafa wa marasa lafiya citta da tafarnuwa. Kada ki ce in turo shi. Shekara, dattijon nan mai kawo mana kanwa, shi kaɗai aka yarda ya tsaya a bakin ƙaya. Ta hannunsa za mu riƙa jin juna. Haza wassalam.

*

Daga Maryama zuwa ga Yaya Malam. Ina gaisuwa, ina gaida mutanen gida.

Na karanta takardarka a tsaye. Ka ce kada in ce, to na ce: ka turo mini yaron nan. Karatu na kai shi, ban kai shi jinya ba. Nan Kurni ko atishawa ba a yi. In gardi kake tsoro, ai ƙaya ba ta rasa kafa.

Shekara ya ci tuwo da maigidana, ya yi ta ba mu dariya da yadda gardi ke naɗe hanci da rawani. Habi maƙwabciyata ta dama masa fura. Na roƙe shi ya riƙa kai-komo tsakaninmu, ya ce ai hanyarsa ce. Ga dakakken yaji nan, a ba yaron, ba ya cin miya sai da shi. Allah Ya tsare ku.

*

Daga Malam Lawwali zuwa ga Maryama. Aminci ya tabbata gare ki. Bayan haka.

Ba zan turo shi ba, ki yi haƙuri da ni. In na buɗe wa naki, sai in buɗe wa kowa, kowa kuma da garinsu.

Mun yi rashi. Almajirina Almu na Kance ya rasu, da magidantan Damagaram, da wasu bayansu. Kafin rai ya fita fuska takan yi duhu kamar an shafa baban rini. Muna sallarsu nesa da juna, muna binnewa a cikin gonar.

Maryama, da kin ga makarantar nan da ba ki gane ta ba. Inda hayaniyar karatu ke hana maƙwabta hutun rana, yanzu da tsakar rana kina jin motsin ƙadangare a kan zana. Cikin gari ma an bar daka. Jiya ina zagaya bukkoki na ji mai zazzaɓi yana jan darasin da muka tsaya a kai. Ya yi shiru, sai na bukkar gaba ya ɗauka daga inda ya tsaya, idonsa a rufe. Haka ya yi ta zagayawa har bukkar ƙarshe. Na leƙa ta, mai ita ya riga ya cika, bakinsa a buɗe. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Ba zan ɓoye miki ba, Isufu ya kwanta. Ni da kaina nake jinyarsa. Ki yi addu'a. Haza wassalam.

*

Daga Maryama zuwa ga Yaya Malam. Ina gaisuwa.

Ta iso mu. Habi aka fara ɗauka. Maigidana yana kwance, numfashinsa kamar ana jan buhu a ƙasa. Sai mai rijiyar da Shekara ke shan ruwa, sai gidan da yake yada zango a hanya, an ce can mutum guda ya rage. Duk inda ya zauna ta zauna, Yaya, shi kuwa ko majina babu. Ƙiba ma ya yi.

Mata sun fara cewa maye ne. Da ya shigo yau aka yi ta jan ƙofofi, wata tsohuwa ta watsa toka inda ya taka. Samari sun taru a bakin kasuwa da sanduna. Ya tsaya a ƙofar zaurenmu, ya ce, "Uwar gida, me na yi musu?" Na ce, "Tsaya daga nan, Baba Shekara, kada ka shigo." Ya dubi hannuwansa, ya juya su, ya sake dubawa. Yana can waje yana jiran takardar nan.

Ni ban san ko maye ne ba. Na dai san mutumin nan bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, kuma ni na roƙe shi ya yi ta zuwa. In ya dawo nan kashe shi za su yi. Ka riƙe shi a wurinka. Amma in ka riƙe shi, wa zai kawo mini labarin yaron? Ban sani ba, Yaya. Ka yi abin da ka ga ya dace. Wassalam.

*

Daga Isufu zuwa ga Inna. Ina durƙushe ina gaishe ki, ina gaida Baba, Allah Ya ba shi lafiya.

Hannuna ne, Inna. Na tashi, ina shan kunu. Kawu ya rasu ranar Laraba bayan la'asar. Da ya karanta takardarki ya sa gardi suka shigo da Baba Shekara cikin ƙaya, ya ce mana ba maita ba ce, ciwo ne yake hawan mutum bai kayar da shi ba. Ya ce kada a sake aiken ɗan Adam zuwa Kurni. Shi ya sa na ɗaura wannan a wuyan jakin Baba Shekara na kore shi, ya san hanya. Kada ki aiko amsa.

Baba Shekara ne ya yi wa Kawu wanka. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke haƙa, ba wanda ke kusantarsa. In ya gama sai ya koma bakin kaburbura ya zauna. Ɗazu na ji tari daga can, na yi sauri na je. Ya dafe ƙirji yana ta ƙaƙaro shi, hawaye na zuba. Ya ce, "Ɗan nan, saurara da kyau. Ya fara kama da nasu?"

Bai yi kama ba, Inna. Na ce masa ya fara.

Wassalam.