Na rina gemu don in tsira da aikina, yanzu kumburin ido zai raba ni da shi

Malama, don Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana. Na kai inda ko madubin motata ba na son kallo, alhali da shi nake neman abinci.

Ni direban makaranta ne, ina jan bas mai ɗaukar yara goma sha takwas. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ko kaza ban taɓa takewa ba. Na san ƙofar gidan kowane yaro, na san masu makara kullum, na san wadda ke amai in an sha kwana da sauri. Shekaruna hamsin da bakwai. A bara aka kawo mana sabuwar shugaba, sa'ar 'yata ta fari ce. Ba ta yi wata uku ba ta sallami direbobi biyu, dukkansu masu furfura. Ba ta ce don furfurar ba ne, amma an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To ni, Malama, maimakon ruwa sai na shafa wa nawa rini.

Mai askina ne ya kwaɓa mini shi, baƙi ƙirin, ya bi gemu da gashin baki har da gira. Da na koma gida maiɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce an ɗauke mata miji an kawo mata ƙaninsa. Da ta gama dariyar sai ta gargaɗe ni, ta ce abin nan ba zai haifar da ɗa mai ido ba. Na yi mata kunnen uwar shegu. Sau biyu na yi lafiya lau. A na uku na wayi gari fuskata ta kumbura suntum, idanuna sun rufe, ga ƙaiƙayi kamar an zuba mini barkono. Aka kai ni asibiti. Likita ya tambaye ni me na ci ko me na shafa, maiɗakina kuma tana tsaye a kaina. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya, na ce kifi na ci. Aka yi mini allura, aka ce borin jini ne. Tun ranar baiwar Allah nan ta hana kifi shiga gidanmu. Wata huɗu ke nan yarana ba su ɗanɗana shi ba saboda ƙaryata.

Fuskar ta saɓe cikin mako guda, amma ƙasan idanuna ya ƙi. Wasu 'yan jakunkuna biyu ne suka zauna daram, da safe su cika tam, da yamma su ɗan yi laushi, fatar ta yi duhu tana sheƙi. Babu abin da ban gwada ba. Na ɗora ƙanƙara, na ɗora kokwamba, na ɗora jiƙaƙƙen ganyen shayi da 'yata ta gano a waya. Mai kemis ya ba ni wani man shafawa, in na shafa sai abin ya lafa kwana biyu ya dawo, yanzu bututu na huɗu nake kai. Ya kuma ba ni 'yan ƙwayoyin ƙaiƙayi masu sa barci.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ban daina rinin ba. Na canza kamfani, na bar gira, amma duk mako biyu sai na bi gemun, don in na bari farin zai ɓullo daga tushe kowa ya san abin da nake ciki.

Sai makon jiya. Ƙaiƙayi ya dame ni da safe, na haɗiyi ƙwaya ɗaya na fita. A danja barci ya sace ni. Hon ɗin motocin baya ne ya farkar da ni, ƙafata ta sauka daga birki, bas ta gangara saura kaɗan ta taɓa motar gaba. Yaran suna ta waƙarsu, ba wanda ya lura. Ni kuwa har muka isa ina ta salati a kan sitiyari. 'Ya'yan mutane goma sha takwas, Malama.

Ana cikin haka wata uwa ta kai ƙara ofis wai idanuna irin na mashaya ne. Ni da ko sigari ban taɓa sawa a baki ba. Dama na ɗan fara sa baƙin tabarau, ashe shi ya ƙara tabbatar musu da zargin. Shugaba ta kira ni ta ce zuwa ƙarshen wata in kawo takardar likita, ko in ajiye makulli.

Gaba kura, baya siyaki. In na daina rini, tsufa ya kore ni. In na ci gaba, ido ya kore ni. A shekaruna wa zai ba ni wata motar? Ban iya komai ba sai tuƙi. Wani lokaci in na ajiye yaro na ƙarshe sai in kashe mota a gefen hanya in zauna, hawaye na zuba, su ma suna ƙara kumburin. Akwai allurar da ke tsotse shi? Na ji ana yin aiki a yanke, gaskiya ne? Ko haka zan ƙare? Na gaji, wallahi na gaji.

Baban Yara

Baban Yara, sannu. Allah ya yaye maka. Wanda hankalinsa ya tashi don 'ya'yan wasu ba mutumin banza ba ne, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Kafin maganar ido, ga ta rai. Daga yau kada ka sake shan ƙwayar nan ka hau mota, ko da rabi ne. Allah ya rufa asiri sau ɗaya, ba a gwada na biyu. Akwai magungunan ƙaiƙayi da ba su cika sa barci ba. Likita zai zaɓa maka, kuma ka fara gwada shi ranar da ba ka aiki.

Game da kumburin, ni ba likitarka ba ce, amma wasiƙarka ta kusa ba da amsa da kanta. Irin wannan kumburi yakan sauka cikin kwanaki ko 'yan makonni in an rabu da abin da ya jawo shi. Kai kuwa duk mako biyu kana sabunta shi. Canza kamfani ba ya fid da kai, don yawancin baƙin rini sinadarinsu ɗaya ne, kuma jikin da ya ƙi shi sau ɗaya yakan ƙara tsananta ƙinsa. Ko a gemu ka shafa, hannu da tawul da matashin kai za su kai shi ido, inda fata ta fi ko'ina laushi. Ka daina gaba ɗaya. Ka aske gemun ƙasa-ƙasa, ka wanke tawul da rigar matashi, ka canza matajinka.

Man kemis ɗin ma ya tsaya mini a rai. Mai saurin kwantar da kumburi irin wannan, in aka daɗe ana shafa shi kusa da ido, yana sa fata ta yi siriri, yana kuma iya taɓa ganin kansa. Kada garin neman gira a rasa ido, kai da idon ne jarinka. Ka ɗauki bututun da kwalin rinin ka kai wa likitan fata cikin makon nan, ka gaya masa ba kifi ba ne. Shi zai nuna maka yadda za ka janye man, ya ba ka wanda ya dace da fatar ido na 'yan kwanaki, ya kuma yi gwajin da zai tabbatar da abin da jikinka ba ya so. Ka roƙa a auna maka ido, a duba fitsari da jini, don ƙoda da wasu cututtukan ma suna kumbura ƙasan ido. In kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko idon ya yi ja yana zafi, asibiti nan take.

A gida, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi na minti goma safe da yamma ya isa, ban da ɗora ƙanƙara kai tsaye. Ka ƙara matashi, ka rage gishiri, ka daina murza ido. Allura ko aikin yanka ba maganar yanzu ba ce. Sai an yi watanni babu rini a ga abin da ya rage, wataƙila ma ɗan abin da shekaru suka kawo ne.

Shugabarku kuma ka yi mata adalci. Tsoronka ba na banza ba ne, ka ga an sallami biyu. Amma ba ka san dalilin ba, zato ka yi. Matar da aka damƙa wa 'ya'yan mutane, aka kawo mata ƙarar direba, ba ta kore shi ba sai ta ce ya kawo takarda, wannan ta bar maka ƙofa a buɗe. Ka cire tabarau ka je mata da takardar da gaskiyarka, har da maganar ƙwayar da ka daina. Ba zan yi maka alkawarin aikin zai tsira ba. Amma furfura da shekara goma sha ɗaya ba haɗari ta fi baƙin gemu da idon da ake zargi sauƙin karewa.

Maiɗakinka kuwa, ina kyautata zaton ta daɗe da ganewa, tana kallonka ne kawai. Ka sayi kifi mai kyau a hanyarka ta komawa gida, ka miƙa mata, ka faɗa mata komai. Za ta yi maka dariya, ka daure, ka ci kifinka tare da yaranka.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare ka da 'ya'yan da ke bayanka, ya sa furfurar nan ta yi albarka a kan sitiyari.