Katin da Appachan Ya Zara

Ranni, 9 ga Janairu, 1994

'Yata Sosamma,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya aikin asibiti a Kuwait? Ina fata kina cin abinci, ba shayi da biskit kawai ba.

Ba zan ɓoye miki ba, babanki, Appachan ɗinki, ba shi da lafiya. Likita a Kottayam ya ga ƙari a cikinsa, ya ce a yi tiyata tun bai girma ba. Har mun sa rana. Sai ga sujadar sabuwar shekara, aka zagaya da kwandon katunan alkawari kamar kullum, kowa ya rufe ido ya zari ayarsa. Ni ta haƙuri na samu, ba mamaki. Tasa daga Yohanna sura sha ɗaya ta fito, wai wannan ciwo ƙarshensa ba mutuwa ba ne. Ya ɗaga katin, coci duka aka yi ta Halleluya. Washegari ya ce ba wuƙar da za ta taɓa shi, tunda Allah ya riga ya yi magana.

Kin san ubanki in ya kafe. Ki rubuto masa, ke ce nas, wataƙila ya ji taki.

Uwarki,
Aleyamma

Ranni, 2 ga Maris

'Yata,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Wasiƙarki ta iso. Ubanki ya karanta, ya yi dariya, ya ce ɗan ilimin allura ya sa kin fi Yesu sani. Ya daina fita gonar roba. Rogo da kifin da yake so ba ya iya haɗiyewa, sai kunun shinkafa. Katin yana aljihunsa kullum.

Shekara arba'in ina haddace ayoyi ɗai-ɗai, ban taɓa bin sura daga kai har ƙafa ba. Jiya na karanta wannan duka. Sosamma, mutumin da aka faɗi maganar a kansa, Li'azaru, ai ya mutu. Sai da aka binne shi, sannan Yesu ya zo ya tashe shi. Na je wurin limaminmu. Ya sunkuyar da kai, ya ce katunan a ƙunshi ake sayo su, kuma ya gwada yi wa ubanki bayani, amma ubanki ya ce masa shi ma bangaskiyarsa ta yi sanyi.

Tsoro nake ji. In na ƙwace masa ayar, me zan ba shi ya riƙe?

Uwarki,
Aleyamma

Ranni, 20 ga Afrilu

'Yata abar ƙaunata,

Yaya haƙuri? Na san a asibiti sun hana ki hutu, kada ki ci ranki a kan haka. Ga abin da ban iya faɗa a waya ba.

Ran da idonsa ya gaza, ya ce in karanta masa ayarsa. Na karanta, ban tsaya ba, na zarce. Da na kai wurin mutuwar ya riƙe hannuna.

“Ashe ya mutu, Aleyamma?”

“Ya mutu, har kwana huɗu.”

Sai ya ce, “Rabin layi aka ba ni, na ɗauka wasiƙar ke nan. Kira mota.”

A Kottayam likita ya duba shi, ya ce lokaci ya wuce. Kwana tara ya ƙara.

A surar nan 'yar'uwar mamacin ta ce wa Yesu da yana nan da ba a yi mutuwar ba. Na faɗa wa Ubangiji haka, da fushi kuwa, ya ji. Ke ba zan faɗa miki ba, ke ma kada ki faɗa wa kanki.

Katin na mai da shi cikin Littafi, a surar da aka yanko shi. In kin zo, ki karanta mini daga inda aka ce a kawar da dutsen kabarin. Muryata ba ta kai can ba tukuna.

Uwarki mai jiranki,
Aleyamma