Ciyawar Babanku

Sabon Birni,
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya nauyin jiki? Mu nan sai godiya. Tun da aka rufe layin waya ba ni da hanyar jin muryarki, shi ya sa na nemi biro. Wakili direba ne zai kawo miki wagga takarda Sakkwato.

Kin tambaya ta bakinsa ko na samu na yi kuka. Ban yi ba. Ranar da aka zo aka ce mutanen daji sun tare motar da babanku ya shiga a hanyar Unguwar Lalle, na yi salati kamar kowa, na shimfiɗa wa mutane tabarmi. An ce can aka rufe su, don hanya ba ta biyuwa. Ban ga makara ba, ban ga likkafani ba. Ana ta shigowa ana cewa Allah shi ba ni haƙuri, ina amsawa, amma a raina kamar ya je wurin gwaggonku Kubura ne ya daɗe, yadda ya saba.

Sai shekaranjiya da safe na gane. Na fito shara, na zo daidai dutsen nan da yake zama yana alwala, gefen ciyawarsa. Kin san wurin, kullum a jiƙe yake, ciyawar ta fi ta ko'ina duhu. Na ga ƙasar ta bushe har ta tsage, gurbin da gindin butarsa ya yi babu ko laima. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na ce a raina, ashe ba ya dawowa. Daga nan na ƙarasa sharar.

Ke kin taso kin iske ciyawar nan ne. Sa'ad da ya bar aikin ban ruwa a gidan saukar baƙi na garin Isa, cikin buhu ya zo da saiwarta. Mutanen unguwa suka yi ta dariya, wai kowa na nome haki a gona, shi ya zo yana shuka shi a tsakar gida. Bai kula su ba. Kullum la'asar sai ya ba ta ruwa, ranar Juma'a ya sassabe ta da langalanga.

Ruwan sama ya ɗauke, ni kuma ina takaba, ba ni fita. Na sa ɗan ga-ruwa ya ƙara mini kurar ruwa guda kullum, ina ba ta da kaina. Ba za ni bari ta mutu a hannuna ba.

Kada ki ce za ki zo da cikin nan, hanya ba ta da kyau. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Innarki,
Saudatu.

Sabon Birni,
Ranar Asabar.

Ɗiyata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, yaya sanyi? Saƙonki ya iso, da kuɗin da garin rogo. Allah shi yi miki albarka.

Gida ya cika. Gwaggonku Kubura ta baro Unguwar Lalle da jikokinta da awakinta biyu, don ƙauyen ba ya kwanuwa yanzu. Na ba su ɗakin zaure. Baki ya ƙaru, ruwa kuma ya yi tsada, saboda man injin burtsatse ya yi wuya, wani lokaci sai a wuni bai tashi ba. Ba za ni ɓoye miki ba, kuɗin da kika aiko na cefane, rabinsu ciyawa ta sha.

Kin san bakin gwaggonku. Tun ranar da ta sauka take cewa ita ba ta taɓa ganin gidan da haki ke riga mutane shan ruwa ba. Wai ko sadaki aka biya wa ciyawar nan, ya isa haka. Ta ce in bar awakinta su yi mini askinta kyauta. Na sa ta ɗaure su bayan ɗaki. Maganarta ba ta yi mini zafi ba. Kwanakin nan babu abin da ke yi mini zafi. Abinci ma ina ci ne don an miƙo mini.

Amma jiya wani abu ya faru. Ɗan ga-ruwa ya kawo kura guda da safe, ya ce wata za ta biyo baya. Na juye rabin ta farko a kan ciyawa. Ta biyun ba ta zo ba. Da azahar ƙaramar jikar Kubura ta taso daga barci da zazzaɓi, aka buɗe randa za a jiƙa tsumma a goga mata, randa ba komai sai laka a gindi. Ga ciyawa can tana ƙyalli, jiƙe sharkaf. Kubura ta dubi randar, ta dubi ciyawar. Ta ɗauki kwano ta shiga maƙwabta roƙo. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yarinyar ta samu sauƙi, alhamdu lillahi.

Na karanta abin da kika rubuta, cewa can Sakkwato har gidajen masu hali sun bar ciyawa, tsakuwa suke zubawa su dasa abin da ba ya son ruwa. Na ji. Ki ba ni lokaci.

Gwaggonku tana gaishe ki.

Innarki,
Saudatu.

Sabon Birni,
Ranar Litinin.

Ɗiyata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Na san layi ya dawo, na ga kiranki. In na ɗauka ba ni samun abin cewa, sai mu yi shiru kuɗinki na tafiya. Ki bar ni da takarda.

An cire ciyawar. Ni na kwance awakin da hannuna. Na zauna bakin ƙofa ina kallo suna ci, ba su bar ko tsinke ba. Washegari Kubura ta ɗauko fartanya ta fara tonon saiwa. Ita da ta fi kowa zagin ciyawar nan, tana sara tana kuka, tana kiran sunan babanku, tana cewa da bai zo duba ta ba da yana nan. Har ta kai ta zauna a ƙasa. Na karɓi fartanyar na ci gaba. Ni hawayen ba su zo ba.

Da muka kawo gefen dutsen alwala, na ce mata a tsaya nan. Ba ta yi gardama ba. Wurin bai wuce faɗin sallaya ba.

Malam Labbo maƙwabcinmu ya sa an kawo tsakuwa da rairayi daga gulbi a kan jakuna, aka baje. Ya saro mana rassan aguwa daga shingen gonarsa, ya kafa su jikin katanga. Ya kawo lalle ya dasa bakin wurin wanke-wanke, da zogale kusa da madafa. Ya ce ruwan wankin kwanoni ya ishe su.

Sai na yi ɓarna. La'asar na yi hannuna ke neman bokiti, ko ban yi niyya ba. Na riƙa bin aguwar nan ina ba ta ruwa kullum, ina ganin alheri nake yi mata. Ba a daɗe ba gindinta ya yi baƙi, ya yi laushi, duk ta ruɓe. Kubura ta faɗa wa Malam Labbo a zaure, ina jiyo dariyarsa daga ciki. Ya ce ta gaya mini aguwa ba amarya ba ce, ba a lallashinta, kafa ta ake yi a busasshiyar ƙasa a juya mata baya. Ya sake saro wasu. Yanzu in la'asar ta yi, Kubura ke ɓoye bokitin.

Tsakar gidan ya yi fari fat. In na fito da safe sai in ɗan tsaya, kamar na shiga gidan wasu.

Ki riƙa zuwa awo. Ki gaida kowa.

Innarki,
Saudatu.

Sabon Birni,
Ranar Juma'a.

Ɗiyata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Barka da sauka lafiya, Allah shi raya, shi sa mai albarka ne. Wakili ya ce sunan babanku aka sa masa. To, kin ga ni ba ni iya kiran sunansa ke nan, sai ki nemo mini abin da za ni riƙa ce masa.

Na fita takaba. An yi sadaka, na sa wani zane. Ban ji wani bambanci ba.

Zafi ya shigo, amma ruwa na isarmu. Kura guda tana kai mu wani wunin, randa ba ta sake bushewa ba. Kuɗin da kika aiko wannan karon, cefane aka yi da su duka. Aguwar ta kama, ta fara toho, ban ɗiga mata ko kofi ba. Lallen ya yi ganye, jikokin Kubura har sun fara tsinka.

Gefen dutsen kuwa, nan nake alwala yanzu. Ban ce wa kowa komai ba, sai na ga Kubura ma ta dawo nan da butarta. Ba mu ƙara masa ruwa, abin da ya zuba daga hannuwanmu ne kawai. Ciyawar ta sake fitowa. Ba ta kai duhun da take yi a da ba, amma ta fito.

Ki gaida maigidanki da yara, ki riƙa shan kunun kanwa da zafinsa. In hanya ta yi kyau ki kawo mini yaron in gan shi.

Ciyawar ta yi tsawo, ta fara rufe dutsen, tana son sassabe. Langalangar babanku tana nan rataye a zaure inda ya bar ta. Yau Juma'a. Ban sauko da ita ba tukuna.

Innarki,
Saudatu.