Motar da Aka Durƙusar Domin Inna

Lafiya, Maris 1956

Zuwa ga ƙanena Baballe, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da kewa mai yawa daga yayarka Zuwairatu. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Dijatu da yara, Ya tsare ku daga sauron can, Ya kuma ba ka sauƙin aikin jirgin ƙasa. Mu nan alhamdu lillahi, ana ta shan zafi ana duban gabas. Jumai ta warke daga tarin da ta yi, babanta ma lafiyarsa lau. Ni kuwa ban da gajiya babu abin da ke damuna, amma gajiyar ta kai gajiya. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya wuni yana aiki ne ya riƙe alƙalami, karatun nawa kuma na ajin Yaƙi da Jahilci ne, ka san iyakarsa.

Maganar Inna ce ta zaunar da ni. Tun bayan kaka gwiwoyinta suka ƙara riƙewa, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai da sanda da kafaɗata. Ana cikin haka ta tsiri maganar a kai ta garinsu Adogi, ta ga ƙanenta Kawu Badaru kafin ruwa ya sauka hanya ta yanke. Da safe Adogi, da yamma Adogi, in na kai mata tuwo ta ture ta ce na Adogi take so. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Da na ga ta fara ramewa sai na gaya wa maigidana baban Jumai, ya ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, ga mota a ƙofar gida. Ka san tsohuwar kitikar nan tasa mai buɗaɗɗen baya, wadda yake kai doya da riɗi tasha da ita. To matsalar, bayanta na da tudu, Inna ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau. Muka jingina mata katako ta taka, jiri ya ɗebe ta, ta rantse ba ta ƙarawa. Aka ce a ɗauke ta a ɗora, ta ce sai dai bayan ranta, ita da ko ido ba ta haɗawa da surukinta ba za a ce ya sungume ta a gaban mutanen unguwa ba. Ni kaɗai kuma ba na iya ɗaga ta.

Ka dai san kunyar da ke tsakaninsu. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, amma in za su yi magana ni ce gada. Ta faɗa mini, in fita zaure in faɗa masa, ya ba ni amsa, in komo da ita. Wallahi ƙafafuna sun san tsawon gidan nan. A haka ya aiko ni in gaya mata tunda ba za ta hau mota ba, motar ce za ta sauko mata. Ya kira Aloysius, makanikin nan na bakin tasha, suka zare ganyayen ƙarfe daga sifirin da ke ɗage da bayan motar, motar ta durƙusa har mutum zai iya zama a bakin bayanta kamar yadda ake zama a bakin gado. Inna ta gwada, ta zauna, ta ja jiki ciki da kanta. Ranar ta cinye tuwonta tas.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Aloysius ya ce hanyar Adogi yashi ce, mota mai ja da ciki a kan siraran tayoyi za ta kafe tun ba a je ko'ina ba. Suka yi ta yawo har suka samo tayoyi masu faɗi, na wata motar soja da ta mutu tun zamanin yaƙi. Da aka ɗaura su sai ga wani sabon tashin hankali: madigadi, wato ƙarfen nan da ke rufe saman taya, leɓensa na ciki yana gugar roba, ko taku ɗaya aka tura sai ka ji ƙiii. Baban Jumai ya ɗauko guduma ya hau duka, fenti ya farfashe, ƙarfe ya loɓa, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai kamar an yi masa mutuwa. Aloysius ya ce ba duka ƙarfen yake so ba, lanƙwasa yake so a hankali, a samo masa itace mai tauri, mai santsi, wanda zai mirgina. Kafin in ankara mutumin nan nawa ya shigo ya wuce da taɓaryata ta ƙirya, ina tsakiyar surfe.

Na leƙa ta zaure na ga ikon Allah. Sun zuba garwashi a kasko suna kara shi jikin ƙarfen don fentin ya yi laushi kada ya tsage. In ya ɗumama sai Aloysius ya cusa taɓarya tsakanin taya da leɓen ƙarfen, ya danne ƙarshenta da ƙirjinsa, maza su tura motar gaba kaɗan, su komo da ita baya kaɗan. Taɓarya na mirginawa, leɓen na naɗewa ciki sannu sannu. Taya ɗaya sai ta ci musu wuni, ga rana, ga garwashi, ga ’yan kallo kowa da shawararsa. Ni ce ruwan sha, ni ce abincin masu turi, ni ce aron taɓarya gidan maƙwabta, ni ce kuma mai kai wa Inna rahoto, don kullum sai ta tambaya ko an gama. Da suka gama, su biyu suka hau baya suka yi ta tsalle, taya ba ta taɓa ƙarfe ba, suka yi ta murna. Taɓaryata ta dawo duk zane, ta yi baƙi, ba ta ƙara moruwa ba.

Abin da ba wanda ya yi shi ne tambayar Inna kayan da za ta tafi da su. Baban Jumai bakinsa ba zai iya ba, ni kuma na ɗauka ƙullin tufafi ne da ɗan gishirin tsaraba. Ranar tafiya ina yi mata wanka, ashe ta riga ta shirya da matan maƙwabta, suna ta fito da kaya naɗe cikin tabarmi da buhuna suna lodawa. Na fito na tarar motar ta kusa kwanciya. Na ja baban Jumai gefe na ce ya yi mata magana, ya sunkuyar da kai ya ce da wane baki zai ce wa surukarsa ta rage kaya. Na shiga wurinta, ta ce ko tsinke ba za a sauke ba. Na rasa wanda zan yi wa faɗa, muka hau.

Mun wuce rabin hanya muka fara jin ƙaurin roba. Da muka faɗa wani kwari sai ji muka yi fus, ƙarfe ya yanka tayar baya ta hagu. Muka zaunar da Inna a inuwar ɗorawa, muka shiga sauke kaya. Na kama wani buhu ya ƙi motsi, na kwance bakinsa, sai ga dutsen niƙanta da ɗansa. Baballe, wa ke zuwa ganin gida da dutsen niƙa? Na buɗe na gaba, tukwanenta ne, da kwallayen aurenta, da akwatin Baba. A can ƙasa kuma ga farin yadi a naɗe, sabo fil, da turarensa. Nan na gane likkafaninta ne, na zauna a yashi na yi kuka har na gode Allah. Inna ta bar ni sai da na yi shiru, sannan ta ce da ta faɗa mini tun a gida da ban bari ta fito ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Wani manomi Bativi mai suna Tyav, Allah Ya saka masa, shi ya fito da mutanensa suka taimaka. Aka sa tsohuwar taya, aka ƙara naɗe leɓen ƙarfen da taɓaryar sakwarar matarsa, aka bar rabin kayan a gidansa sai da aka sake sawu. Mun shiga Adogi da la’asar. Kawu Badaru ya riga ya share mata ɗakin kakarmu, ashe shi ma da saninsa. Da za mu juyo ta ba ni saƙo wurin baban Jumai, ta ce ta gode, ta yafe masa duniya da lahira, ya mayar da ƙarfen motarsa yadda yake, ita ba za ta sake shiga ba. Na fita na faɗa masa, ya juya baya ya daɗe yana goge gilashin da ba datti.

Har yau bai mayar ba. Ganyayen ƙarfen na jingine a zaure, rabin lodi yake ɗauka, in na yi magana ya ce a bari tukuna, ko za ta sake shawara. Ni na san ba za ta sake ba. Da ina kukan aikinta ya yi mini yawa, yanzu sai in tashi da safe in ɗora ruwan wankanta kafin in tuna. Kewarta ta fi mini gajiyar ciwo.

Ka roƙi hutu ka zo. Jirginku nan yake wucewa ta tashar Lafiya, ba ka da hujja. Ka sauka, baban Jumai zai kai ka Adogi, amma ka zo kafin ruwan fari, don in rafi ya kawo sai bayan damina, kuma na ga jikinta, ban ce za ta kai ba.

Ka gaishe mini da Dijatu da kyau, da Ɗanliti da ƙannensa. Baban Jumai na gaishe ka, Jumai na gaishe da kawunta, Kawu Badaru ma ya ce a gaishe ka. Kafin mu baro Adogi na tambayi Inna saƙon da zan rubuta maka, ta ce kada in rubuta komai, gaisuwar takarda ta ishe ta haka, fuskarka take so ta gani.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Zuwairatu