Sittin da Tiyar Ingilishi

Litinin, 5 ga Oktoba 1992, Gazawa

Yau na zama mai mota. Ba don alfahari nake rubuta wannan ba, sai don tarihi, domin al'ummar da ba ta adana tarihinta ba ta cancanci demokaraɗiyya ba. Motar ja ce, mai kujera biyu, da rumfar tamfol da ake naɗewa, kuma ta girme ni. Alhaji Chindo na hayin iyaka, can Ingilishi, wato Nijeriya, ya gaje ta daga mahaifinsa, wanda ya saye ta hannun wani Bature mai awon gyaɗa. Na ba da babur ɗina da rabona na ayar bana. Sitiyarinta a dama yake, irin na can kafin su sauya hannu. Ƴan tasha sun kewaye ta suna tambayar ina ake sa kaya. Na fahimtar da su cewa ba don dako aka ƙera ta ba. Wani ya kira ni da laƙabin da ake yi wa ƴan boko a nan, ya ce, "To Mushe, jam'iyya ce mai mutum biyu ke nan, shugaba da ma'aji."

Talata, 6 ga Oktoba

Na gabatar wa Baba da manufata. Yaya Fadila na gab da haihuwa a Cadawa, kuma Inna za ta je ta zauna mata. Duk lokacin da Inna ta shiga taksi aka matse ta da buhuna da gwiwoyin mutane, sai ta yi kwanaki ba ta iya miƙewa salla. Ni zan kai ta, ita kaɗai a kujerarta, ta miƙe ƙafa yadda take so. Wannan shi ne maƙasudin sayen, ko da yake ba zan musanta cewa jan launin ya taka rawarsa ba.

Baba ya zagaya motar, ya danna taya da babban yatsa. Ya ce, "Uwarka ba buhun aya ba ce da za a gwada mota da ita." Sharuɗɗansa biyu: a duba ta ciki da bai, kuma in Inna na ciki kada in wuce sittin. Na karɓa. Inna, wadda ta shekara talatin tana awon aya ga fataken hayi, ta leƙo daga zaure ta ce, "Auta, wannan zama ake a ciki ko kwanciya?"

Asabar, 10 ga Oktoba

Garejin Mumuni. Ajinmu ɗaya a lakol, wato makarantar boko, kafin ya zaɓi sifana ni na zaɓi falsafa. Mun bi ta gaɓa-gaɓa bisa tsari. Tayoyin suna da zane amma gefensu ya tsattsage don tsufa. Duk a sauya. Man birki ya yi baƙi kamar ruwan rini. Robar tiyon birkin baya na hagu ta kumbura. Lagireto na ɗiga. Ƙasan motar, alhamdu lillahi, tsatsa ba ta ci shi ba, don a rumfa ta yi zamanta.

Mumuni ya ce, "Wannan ba mota ba ce, Mushe, kaka ce. Gaishe ta ake kafin a tada ta." Na ce masa tsufa ba aibi ba ne, rashin kulawa ne aibi. Ya ce in miƙo masa sifana lamba goma sha uku in bar wa'azi. Ba ta shiga ba. Ƙusoshinta duk awon can ne, sai da ya aro sifanun wani direban Katsina.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Babu bel ɗin ɗaure fasinja a kujerun. Mun ciro biyu daga wata matacciyar mota, muka ɗaure su a jikin ƙarfe, ba a katakon ƙasan motar ba. Na rataya nauyina duka a kan na Inna. Bai motsa ba.

Laraba, 21 ga Oktoba

Maradi. Takardun duwan (kwastan), asiransi (inshora), da bizit, wato binciken lafiyar mota. Mai binciken ya gwada fitilu, ƙaho da birki, ya buga hatimi. Ya ja hankalina cewa da sitiyari a dama ba zan ga mai tahowa ba in zan wuce babbar mota. Na riga na yi nazarin wannan, kuma hukuncina shi ne ba zan wuce kowa ba in Inna na ciki. Wakilan jam'iyyu biyu sun nemi aron motar don yaƙin neman zaɓe. Na ƙi su duka, cikin adalci da daidaito.

Juma'a, 30 ga Oktoba

Yaya Fadila ta sauka lafiya. Mace. Gobe tafiya.

Asabar, 31 ga Oktoba, Cadawa

Zan rubuta abin da ya faru daki-daki, ba ƙari ba ragi.

Mun tashi da hantsi. Na ɗaura wa Inna bel, tana cewa ko akuya ba a yi wa haka. Da muka hau gudron, wato kwalta, na kai allurar agogon gudu kan sittin na tsayar da ita nan. Ban wuce ba ko da ƙwayar gero. Inna ta riƙe kallabinta da hannu biyu, ta daina magana tun kafin Agye. Na ɗauka jin daɗi ne.

Bayan Agye wani amalanken shanu maƙare da kara ya fito daga gona ya hau hanya. Na hango shi da nisa, nisan da a lissafina ya isa tsayawa har da saura. Na taka birki. Birkin ya kama, tayoyi suka yi ƙara, amma hanyar ta ci gaba da ƙarewa. Mun tsaya kara yana shafar gilashi, ta gefen Inna. Mai amalanken, wani dattijo, ya kasa ko zagi. Bel ɗin ya riƙe ta, amma ya kurje mata kafaɗa.

Salati kawai Inna take yi har ƙofar gidan Yaya. Da na zagayo zan fito da ita na ce, "Inna, wallahi ban wuce sittin ba." Ta dube ni ta ce, "Na yarda, Auta. Amma sittin ɗin, da tiyar wa aka auna shi?" Sannan ta ce in gaida Baba, in lokacin komawa ya yi za ta shiga taksi.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, Gazawa

Tambayar ta bi ni har gida. Kowane mai awo ya san tiyar hayi ba tamu ba ce. Yau na fita ni kaɗai da agogon hannu, na riƙe allura a sittin ina duban duwatsun kilomita na gefen hanya. A ƙa'ida dutse ɗaya ne kowane minti. Suna zuwa tun mintin bai yi kusa da cika ba.

A ƙasan lambobin agogon motar akwai haruffa uku, M.P.H. Tun ranar farko na gan su, na ɗauke su sunan masu ƙera agogon. Mil ne. Sittin ɗinta kusan ɗari ne a namu awon. Mumuni bai lura ba, mai bizit bai duba ba, ni kuwa da na ga ƙusoshinta sun ƙi sifanunmu ban tambayi kaina ko me kuma ya ƙi ba. Babur ɗina bai taɓa kai ni wannan gudun ba balle jikina ya gane shi. Na cika lafazin alkawari na karya ma'anarsa. A jami'a mun yi zango guda kan wannan bambancin.

Litinin, 2 ga Nuwamba

Na faɗa wa Baba. Ya saurara har ƙarshe yana gyaran igiyar guga. Ya ce, "Yanzu maganar ba tawa ba ce. Kafaɗarta ce."

Mumuni ya kwance gilashin agogon, na ɗiga farin fenti a inda sittin ɗinmu yake. Ƙasa da arba'in ɗinsu. Allurar kamar ba ta tashi daga barci ba.

Juma'a, 6 ga Nuwamba

Suna. Na tafi a taksi, don kada a ce na zo roƙo da mota. An sa wa jaririya Hasiya. Gwiwata ɗaya a kan buhun wake, ɗaya a haƙarƙarin wani Bafillace mai haƙuri. Da na sauka sai da na dafa bango. Haka Inna take zuwa duk shekarun nan.

Na keɓe da Inna na yi mata bayanin mil da kilomita. Na shirya jawabi mai sassa uku, amma sashe na farko kawai na iya. Ta ce ta ji. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce kada in zo ba.

Asabar, 21 ga Nuwamba

Na je da motar. Na tsaya nesa da ƙofa, na ce wa Yaya in Inna ta fi son taksi zan bi bayansu da kayanta. Na jima a tsaye. Ta fito, ta dubi hanyar tasha, ta dubi motar. Ta shiga. Da kanta ta jawo bel ɗin ta aza a ɗaya kafaɗar, na gyara mata.

Motoci sun wuce mu. Babura sun wuce mu. Wata motar jam'iyya mai lasifika ta wuce mu, ƴan ciki suna yi mini ihu wai in sauka in tura. Wajen Agye Inna ta fara ba ni labarin jaririyar, wai hancin Baba ta ɗauko, Allah ya sawwaƙe mata. Can ta yi gyangyaɗi kaɗan. Da ta farka ta dubi rana ta ce, "Kai Auta, motar taka ba ta da lafiya ne? La'asar za ta kuɓuce mana."

Na ce lafiyarta lau. Ban ƙara mai ba. Mun tsaya a wani ƙauye muka yi salla.