Rassan da ke Gicciye a Hanya

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ka sani. Tun da wayarku ba ta shiga a dajin nan, na ba Dogo, direban motar da ke kai muku kayan abinci, wannan takarda. Ba kuma don in yabe ka na ɗauki biro ba.

Kawunka ya dawo daga wurinka bakinsa cike da labari. Ya ce gandun dajin gwamnatin da kake aiki, itatuwansa sun rufe sama har mutum ba ya gane rana ta take. Ya ce mutane masu motocinsu suke zuwa takanas su yi ta tafiya a ƙasa cikin kurmi, su fito da kumburarrun ƙafafu suna murna. Allah ya kyauta. Wai aikinka shi ne kula da hanyoyin ƙafar da suke bi, kana shafa fenti a jikin bishiyoyi don kada su ɓata. Na ce ashe karatun da muka sha wahala a kansa a buroshin fenti ya ƙare. Amma halak ne, shi ya sa na ja bakina.

Abin da ban ja bakina a kai ba shi ne wannan. Kawun naka ya ce a hanyar sama, daidai wata bishiya da tsawa ta tsaga biyu, ya ga an jibge rassa gicciye a bakin wata hanya, an tafi an bar su. Har da ce mini, "Yaya, ɗan naki fa ya fi ƙarfin tsintsiya yanzu, ma'aikacin gwamnati ne." Shi ya yi dariya. Ni ban yi ba.

A gidan nan ka tashi. Ka taɓa ganin babanku ya tsallake ko da tsinken ashana? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kula da harabar makaranta, har ya yi ritaya ba a taɓa ganin ɓawon ayaba a ƙofar aji ba. Kawar da abin cutarwa daga hanya lada ne, barinsa lalaci ne, kuma ban haifi malalaci ba.

Babanku zai biyo Dogo a zuwansa na gaba. Likita ya ce ya riƙa taka ƙafa saboda ciwon sugansa. Maganinsa yana cikin aljihun gefen jaka. Ka tabbata ya sha, ka tabbata ya ci abinci a kan lokaci, kuma komai magiyarsa kada ka sa masa sukari a shayi.

Ka riƙe salla. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka

*

Mama,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Ba mu ga Baba ba tun jiya da safe.

Da ya iso ba na nan, an tura ni gyaran hanya can ƙarshen gandu. Mai gadin ƙofa ne ya buɗe masa ɗakina. Da na dawo na tarar an share ɗakin, an jera mini takalma, an goge gilashin fitila, amma babu shi. Mai gadi ya ce Baba ya fito da sandarsa da gorar ruwa, ya ce masa, "Bari in je in ga ruwan nan da ke zubowa daga kan dutse kafin yaron ya dawo." Mai gadi ya ce ya jira a haɗa shi da wani. Baba ya ce, "Haba ɗan samari, ni da na yi kiwon yara ɗari-ɗari, bishiya ce za ta ɓatar da ni?"

Mama, maganin yana cikin jaka. Ko buɗe shi bai yi ba. Bai ɗauki abin ci ba.

An yi ruwa mai yawa bayan fitarsa. Mun bi hanyar magangarar ruwan sama da ƙasa, muna busa usur, muna kiransa. Ba ki san dajin nan ba. Ki yi ihu iya ƙarfinki, ganye ya shanye muryar, sai ɗigar ruwa kawai kike ji. Na kira "Baba" har muryata ta dushe. Ko sawu babu, ruwa ya wanke komai. Yau oganmu ya ce a koma bin gaɓar rafi ta ƙasa, inda ruwa ke yar da abin da ya ɗauko. Bai kalle ni ba da yake faɗi.

Maganar rassa kuwa, ba lokacinta ba ne, amma kada ki riƙe ni da ita. Mu muka sa su da gangan. Haka ake rufe hanya a nan, duk mai yawon daji ya san in ya ga rassa gicciye, juyawa ake yi. Waccan hanyar gadar katakonta ta ruɓe, kuma kwazazzabo ne a ƙarƙashi. Akwai allo, iska ta karya shi, ba a kawo sabo ba.

Kada ki taho tukuna. Ki yi mana addu'a. Ki gaya wa yayata a hankali, kin san halin da take ciki.

Ɗanki,
Auta

*

Auta,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A tsaye nake rubutu a kan teburin kicin, Dogo yana waje bai kashe mota ba. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ku bar rafin nan. Babanku ba ya can. Mutumin da ko bakin rijiya ba ya leƙawa, me zai kai shi kallon ruwa? Ƙarya ya yi wa mai gadi, kuma don kai ya yi ta.

Ka saurare ni. Ranar da zai tafi, ina ɗaure masa jaka na ce, "Ka je ka ga aikin ɗanka, ya bar rassa a hanya kamar gidan da babu manya." Sai ya ce, "A daidai ina kawun nasa ya ce?" Na ce wajen tsagaggiyar bishiya, hanyar sama. Ya ce, "To kada ki ƙara faɗa wa kowa. In ogansa ya gani, aikin yaron ne zai taɓu." Na ɗauka faɗa zai yi maka. Yanzu na gane. Zuwa ya yi ya kwashe su a ɓoye kafin wani ya gani.

Kuma ka san shi. In ya kwashe na bakin hanya ba zai juyo ba. Zai ce bari ya leƙa gaba ko akwai saura, daga nan kuma gaba. Haka yake yi ko shara ya fita zubarwa, sai in leƙa in gan shi a ƙofar maƙwabta yana tsince musu leda.

Ka je wurin bishiyar nan yanzu. Kada ka tsaya neman izinin kowa. In ka tarar an tattara rassan a gefe, an jera su kai ɗaya gindi ɗaya, to hannunsa ne. Ka tafi da igiya da mutane masu ƙarfi. Ka tafi da sukari. Na san abin da na rubuta maka a baya, ka manta da shi. In ka same shi yana rawar jiki yana gumi, ko yana magana ba kai, ka dama sukari ka ɗura masa kafin komai.

Wace irin hanya ce ake rufe ta ba a rubuta wa mutane ba? Ina aka taɓa yin haka? Amma ba yanzu ba.

Tabarmar sallarsa tana nan a shimfiɗe yadda ya bar ta. Na kasa naɗewa. Dogo yana ta hon.

Auta, ka kawo mini shi.

Mahaifiyarka

*

Mama,

Yana da rai. Alhamdu lillahi, yana da rai.

Rassan suna gefe a jere, kamar yadda kika ce. Daga nan ba mu sha wahalar bin sa ba. Hanyar da aka rufe tun bara, muka tarar da ita fes, duk inda icce ya faɗi an ja shi gefe. Haka muka yi ta bi har gada. Katako biyu sun ɓurma a tsakiya, sandarsa tana rataye a ramin. Mama, ban san yadda na leƙa ba.

Bai kai ƙasa ba. Saiwoyin wata bishiya ne suka tare shi a jikin gangaren. Ƙafarsa ta dama ta karye, ruwan da ke ɗiga daga saiwa ya yi ta lasa. Da na sauka da igiya bai gane ni ba, yana kirana da sunan kawu. Na ɗura masa sukarin. Da idonsa ya washe, ya riƙe wuyan rigata ya jawo ni, ya ce a kunnena, "Oganka bai gani ba, ko? Na kwashe duka."

Na ce bai gani ba, Baba.

Muna ƙaramin asibitin da ke bakin gandu, an ɗaure ƙafar. Ban faɗa masa ma'anar rassan ba. Ban san ta inda zan fara ba.

Ɗanki,
Auta

*

Auta,

Na yi sujada. Ina tafe da Dogo gobe, ka nema mini inda zan shimfiɗa tabarma kusa da gadonsa.

Kada ka faɗa masa komai. Ni na aike shi, ni zan faɗa masa.

Kafin in iso, ka koma ka mayar da rassan nan inda suke. Ka ƙara wasu, manya.

Mahaifiyarka